Hannun da Ya Datse Kwaɗo

Yayana mutum ne mai wuyar sha'ani, kuma tunda uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya ina da hurumin faɗa. A gida Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce mini Auta. A masana'antar abincin kaji inda muka yi aiki tare, shi a zauren injuna ni a sito, Mai Kwaɗo suke kiransa, wasu da girmamawa, mafi yawa da haushi. Tsoro ɗaya ya rayu da shi, bai kuma taɓa ɓoye shi ba: ranar da ba ya nan, wani zai buɗe kwaɗon da ba nasa ba, a tayar da inji da mutum a ciki.

Ba za ku gane wannan tsoro ba sai kun san Gwaggo. Ita ce babbar na'urar da ke cakuɗa masara da dusa da waken suya bayan an niƙa. Tana kwance a tsakiyar zaure kamar tankin motar mai, a cikinta akwai sandar ƙarfe daga wannan kai zuwa wancan, da wuƙaƙe nannaɗe a jikin sandar. Ban san wanda ya raɗa mata sunan ba, amma ya iya, don mita gare ta, in ta fara gunaguni har a haƙora ake ji. Idan gari ya daskare a cikinta ko noti ya kwance, sai mutum ya hau matakalar ƙarfe, ya ɗaga murfin sama, ya zura jikinsa ciki. Akwatin wutarta kuwa yana bayan wani ginshiƙi, inda mai tsaye a gabansa ba ya hango murfin. Wanda zai shiga sai ya sauke hannun wuta, ya datse shi da kwaɗonsa, ya jefa makulli a aljihu. Muddin kwaɗon yana nan babu mai iya tayar da ita.

Wannan doka ta girmi Yaya a wurin. Da jan fenti aka rubuta ta a bango, kowa ya haddace. Abin da ba a rubuta ba shi ne ladabi. Mu ba mu iya tsayawa muna kallon babba yana wahala ba. Ka karɓi jakarsa, ka miƙo masa ruwa, ka tashi ka ba shi kujera. To, da haka kwaɗo ma ya shiga cikin kayan da ake ɗauke wa manya. Babban makaniki zai fito daga cikin Gwaggo jiki duk gari, ya wurga wa na ƙasa da shi makulli, ya wuce famfo. Wanda aka wurga wa har wani daɗi yake ji, an yarda da shi ke nan.

Maigidan Yaya a lokacin wani makaniki ne da ake kira Bahago, don da hagu yake komai, har gaisuwa sai ya tuna kafin ya miƙa dama. Shi ya koya wa Yaya riƙe sifana, shi ya tsaya masa har aka ɗauke shi aiki. Mutum ne mai barkwanci, in ya zo gidanmu mahaifiyarmu takan ce ya tafi kafin cikinta ya ƙulle don dariya. Kwaɗonsa na tagulla ne, ya naɗa masa jar waya a wuya don kada ya ɓace cikin na mutane.

Wata ranar aiki da hantsi Bahago ya fito daga cikin Gwaggo, ya wurga wa Yaya makulli kamar kullum, ya ce, "Buɗe mini, ɗan gari." Yaya ya cafe, ya zagaya bayan ginshiƙi. A wannan ɗan tsakanin Bahago ya laluba aljihu ya ji babu sifanarsa. Bai yi wa kowa magana ba, abu ne na miƙa hannu a ɗauko, ya koma ciki. Yaya ya buɗe kwaɗo, ya ɗaga hannun wuta, mai tuƙa inji ya danna.

Ba zan faɗi abin da aka fitar ba. Ina sito na ji ƙarar Gwaggo ta canza, ta yi nauyi na ɗan lokaci, sannan ta koma daidai. Wannan komawa daidai ɗin ita ce har yau ba ta bar kunnena ba. Da na isa zaure na tarar da Yaya tsaye bayan ginshiƙi, hannunsa a dunƙule, yana kallon bango. Masu bincike sun zo, sun yi tambayoyi, suka ce al'adar wurin ce ta yi kisan, ba mutum ɗaya ba. Babu wanda ya tambayi inda kwaɗon tagulla ya shiga, ni ma ban tambaya ba.

Bayan abin ya lafa, masu masana'anta suka ce suna son mutum guda da aikinsa kawai shi ne ya tabbatar ana bin ƙa'ida. Kowa ya noƙe, don wa zai so ya zama ɗan sandan abokansa? Yaya, wanda tun ranar ba a ji maganarsa sosai ba, ya je ofis da ƙafarsa ya ce a ba shi.

Abu biyu ya ƙara a kan na bango. Na farko ya ce hannun da ya datse kwaɗo shi zai buɗe shi, ko da mai hannun manaja ne, ko da yana mutuwa don gajiya. Na biyu, kafin a tayar da Gwaggo sai an kashe surutu, a ƙwanƙwasa cikinta da sifana, a kira, a jira. Jiran nan shi ne abin da ya fi ƙona wa mutane rai, don Yaya ba ya duba agogo. Zai kafa kunne a jikin ƙarfen ya tsaya har sai ka fara jin bugun zuciyarka.

Kada ku ɗauka an rungume shi. An sha yi masa ba'a har ta ishe shi. Akwai wani matashin makaniki da ake ce wa Gaggawa, saboda ko tafiya yake kamar ana binsa, shi ne shugaban masu tsokana. Zai ƙwanƙwasa ƙofar banɗaki da sifana ya ce, "Akwai mutum a ciki?" da muryar Yaya, ya kafa kunne, zaure ya ɗauki dariya. Har kwanon abincinsa yakan ƙwanƙwasa kafin ya buɗe. Wasu kuma suka ƙirƙiro dabarar rataye kwaɗo ba tare da an datse ba, daga nesa ka rantse a kulle yake. Sai Yaya ya koma bin kwaɗuna yana jan kowanne da hannu. Wanda ya fara kamawa da wannan mijina ne, uban 'ya'yana, kuma bai yi wata-wata ba ya kai shi ofis aka dakatar da shi. Na je har gidan Yaya na wanke shi tas.

"Yaya, surukinka ne fa! Ba ka iya jan shi gefe ka yi masa faɗa ba?"

"Auta, da na ja shi gefe, gobe kowa zai nemo surukinsa."

"To ka ci ƙa'idarka, ka sha ƙa'idarka."

Na daɗe ba na gaishe shi, kuma har yanzu ina ganin da ya sassauta kaɗan da ba abin da zai ragu a jikinsa. Bai iya rarrashi ba, bai iya bayani ba. Abokansa suka janye ɗaya bayan ɗaya, yakan ci abincin rana shi kaɗai a kan wani buhu.

Ranar da masu duba ƙa'ida za su zo daga waje kuwa, nan ne ake wasan kwaikwayo. Da safe kowa zai yi layi a tagar sito in raba sababbin hulunan kwano da safar hannu, a share zaure, a goge allunan gargaɗi. Baƙi su zagaya su gyaɗa kai su tafi, kafin motarsu ta fita ƙofa an fara dawo mini da huluna. Yaya ba ya ko fitowa tarbarsu. Yakan ce shi ranar da babu baƙo yake so ya gani.

Abin da ya ci nasara da shi a ƙarshe wata 'yar dabara ce da na ɗauka rashin hankali ne. Duk sabon ma'aikaci, Yaya zai datse kwaɗonsa a gabansa, su ɗan yi hira, sai kwatsam ya wurga masa makulli ya ce, "Buɗe mini." Ɗan mutane mai tarbiyya kuwa sai ya cafe. Nan Yaya zai zaunar da shi a gindin Gwaggo ya ba shi labarin Bahago daga farko har ƙarshe, ba ya rage komai, har da wanda ya buɗe kwaɗon. Sannan ya karɓi makullin ya sake wurgawa. Daidai shi ne ka janye hannunka ka bar shi ya faɗi ƙasa. Kun san wuyar wannan? Babba ya wurgo maka abu ka goya hannu a baya, ka tsaya kana kallonsa yana sunkuyawa? Na ga ƙarti suna gumi a kan haka. Amma a hankali ƙarar makulli a kan siminti ta zama abin da ake ji a zauren ba a ko waiwaya. Har manyan makanikai suka daina wurgawa, don babu mai son ya sunkuya a gaban yaransa.

Sai dai zauren bai taɓa komawa yadda yake ba. Babu mai cin abinci kusa da Gwaggo. Kyanwar da muke ajiyewa saboda ɓeraye takan zagaye ta ta bi jikin bango. A sitona kuma safar hannu ta hagu ce kullum ke ɓata, in buɗe sabon ƙunshi in tarar da na dama sun yi yawa. Na ce ɓeraye ne, kuma har gobe haka nake cewa, ko da yake ban san ɓeran da ya san hagu da dama ba.

Sau ɗaya na tsaya kusa da Yaya lokacin jiran nan. Tsakar rana ce, an kashe komai, hasken rana yana saukowa ta ramukan kwano, gari yana yawo a cikinsa. Ya ƙwanƙwasa, ya kira, ya kafa kunne. Muka yi tsit. Can daga ƙarshen Gwaggo, wajen da babu murfi, sai na ji ƙas, sau ɗaya, a hankali.

"Yaya, ka ji?"

"Ƙarfe ne yake hucewa," ya ce. Amma sai da ya ɗauki tocila ya shiga da kansa, ya daɗe a ciki, da ya fito kuma bai kalle ni ba.

Haka ya yi ta yi har furfura ta cinye kansa, ma'aikata suka koma ce masa Baba. Ranar da ya yi ritaya aka yi ɗan taro, aka ba shi agogon bango, shi da bai taɓa duba agogo ba. Gaggawa, wanda a lokacin ya zama shugaban makanikai har ya ajiye tumbi, ya yi jawabi ya kwaikwayi muryarsa, aka yi dariya, wannan karon har da Yaya. Daga nan Yaya ya zo tagar sito ya ajiye mini kwaɗonsa da makulli.

"Auta, kina ganin za su riƙe?"

"Su riƙe ko su saki, kai dai ka je ka huta."

Bai huta ba. Ba a jima ba mantuwa ta fara kama shi. Jikinsa garau, yana iya tafiyar da ni ba zan iya ba, amma kan ya fara zubar da abubuwa. Matarsa, wadda nake ce wa Anti, ta ce yakan ƙwanƙwasa ƙofar kabad ya tsaya yana saurare, ya ƙwanƙwasa durom ɗin ruwa ya kira. Wata safiya sai ta tarar ya saka tsohuwar rigar aiki yana neman takalmi, sai ta lallashe shi ta ce yau hutu ne. Na je duba shi ranar wata Asabar, ya kalle ni da kyau, ya san ni, ya tambayi yara. Ina shirin tafiya ya riƙo mayafina.

"Maigida ya fito?"

"Wane maigida, Yaya?"

"Na ga kamar ya koma ɗauko sifana."

Na fita tsakar gida na yi kuka mai isata, Anti tana ba ni haƙuri, ita da ya kamata in ba haƙuri.

Ranar Litinin ɗin da nake son ba ku labari, na iso aiki na tarar da manyan motoci sun yi layi har waje suna jiran kaya, Gwaggo kuma shiru. Shirun da ba na ɗauke wuta ba, don fitilu suna ci. Mutane sun taru bayan ginshiƙi. Na kutsa na leƙa. Hannun wutar Gwaggo a sauke yake, an datse shi da kwaɗon tagulla, ya yi baƙi-baƙi don tsufa, da jar waya a wuyansa.

Sababbin ma'aikata ba su taɓa ganinsa ba, amma babu wanda Yaya bai zaunar ya kwatanta masa shi ba. Wani tsohon lebura ya fara salati a hankali yana ja da baya. Ni kuwa kaina ya tsaya cak, ban iya tunanin komai ba sai ƙarar nan da ta yi nauyi ta koma daidai.

Manajanmu na lokacin matashi ne mai hankali, ba ya raina mutane, amma direbobi sun cika masa kunne, waya kuma ba ta daina ƙara a hannunsa ba. Ya juyo gare ni.

"Hajiya, wannan daga sitonki ya fito?"

"Bai taɓa shiga sitona ba, Yallaɓai."

Ya yi abin da ƙa'ida ta ce a yi idan an rasa mai kwaɗo. Ya sa aka kira sunan kowa, kowa ya amsa, waɗanda suka tashi da safe aka buga musu waya, duk suna gida. Ya sa wani ya hau ya ɗaga murfi ya haska tocila. Mutumin ya haska dama da hagu da sauri, don a gaskiya ba ya son ganin abin da zai gani, ya ce babu komai sai gari. Manaja ya ce to alhamdulillahi, wani ne yake wasan banza, zai kuma gano shi. Ya ce a kawo almakashin ƙarfe.

Aka kawo, aka miƙa wa Gaggawa, tunda shi ne babba. Ya karɓa, ya sa bakin almakashin a wuyan kwaɗon. Ina kallon hannunsa. Sai ya tsaya, ya zare, ya jingine almakashin a ginshiƙi.

"Yallaɓai, ba a ƙwanƙwasa ba."

"An duba ai. Kowa ya amsa sunansa."

"An duba. Ba a ƙwanƙwasa ba, ba a jira ba."

Manaja ya kalli layin motoci ta ƙofa, ya kalli Gaggawa, ya kashe wayarsa ya sa a aljihu. "A kashe komai," ya ce. "A ƙwanƙwasa."

Aka kashe injin niƙa, aka kashe fankoki, aka aika a ce wa direbobi su kashe motoci. Gaggawa ya ɗauki sifana ya je jikin Gwaggo ya buga. Ya buɗe baki, kuma wallahi muryar da ta fito ta Yaya ce, wadda ya shekara yana kwaikwaya don a yi dariya, sai dai yau babu mai dariya.

"Akwai mutum a ciki?"

Ya kafa kunne. Muka tsaya. Wayata ta fara rawa a jakata, na danne ta da hannu, don a lokacin jira ko tari ba a yi. Ta tsaya, ta sake farawa. Gari yana sauka a hankali cikin hasken fitila. Na ji wani yana haɗiyar yawu a bayana. Jiran ya yi tsawo har manaja ya ɗaga ƙafa zai matsa, Gaggawa ya ɗaga masa hannu ba tare da ya cire kunne ba.

Daga can ƙarshen, wajen da babu murfi, aka amsa. Ƙas. Sannan kuma ƙas, ƙas, ƙarfe a kan ƙarfe, a nutse, irin bugun wanda ya san aikin.

Rabin zauren suka watse. Tsohon leburan nan ya bar takalminsa ɗaya a wurin. Gaggawa ya karɓi tocila ya hau matakala, ya zura kansa da kafaɗunsa cikin murfin, ya daɗe. Da ya ɗago, ni ya nema da ido.

"Hajiya," ya ce, "Baba ne."

Sai a lokacin na duba wayata. Anti ce take ta kira.

Daga baya muka ji yadda aka yi. Yaya ya fito daga gida tun da sassafe cikin rigar aiki, ya zo ƙofa, maigadi ya gan shi ya miƙe ya gaishe shi ya buɗe masa. Da aka tambaye shi dalili cewa ya yi, "Ta yaya zan hana Baba shiga?" Maigadin ya tashi aiki ya tafi gida bai gaya wa kowa ba. Yaya kuwa ya datse wuta da kwaɗon tagulla, wanda ashe tun ranar yake ɓoye a wurinsa, ya hau, ya shiga, ya rarrafa ƙarƙashin wuƙaƙe har ƙarshe, ya zauna a bayan sandar inda hasken tocila ba ya kaiwa sai an zura jiki.

Gaggawa ya shiga ya fito da shi. Fari tas ya fito, gari tun daga gashin kai har takalmi, idanu kawai ke motsi, da sifana a hannunsa. Ya sauko matakala da kansa. Na rungume shi ina kuka ina zaginsa a lokaci guda, shi kuwa yana kallon bayana, wajen murfin.

Manaja ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Baba, sannu. Makullin yana wurinka?"

Yaya ya dafa aljihun ƙirji. "Yana nan."

"To a taimaka a buɗe mana."

"Ba nawa ba ne," in ji Yaya. "Na maigida ne. Na mayar masa. Sai ya fito."

Almakashi yana nan jingine, yanzu kuma an tabbatar babu kowa a ciki, da an yanke babu mai cewa an yi laifi. Gaggawa ya goge fuska da hannun riga, ya durƙusa a gaban Yaya kamar yadda ake yi wa uba.

"Baba, wane hannu ne ya datse shi yau?"

Yaya ya ɗaga hannunsa na dama ya kalla, ya daɗe yana kallo. "Wannan."

"To me ka koya mana?"

Yaya ya sauke hannunsa. Ya juya ya taka zuwa jikin Gwaggo, ya buga da sifana, ya kira sunan da ba a ƙara kira a zauren ba tun ranar.

"Bahago! Maigida! Kana ciki?"

Ya kafa kunne. Waɗanda suka gudu sun dawo sun tsaya a bakin ƙofa, direbobi a bayansu. Ban taɓa jin wannan zaure ya yi shiru haka ba, kuma ina roƙon Allah a zuciyata kada ƙarfen nan ya kuskura ya huce yanzu. Bai yi ko motsi ba. Yaya ya jira iyakar jiransa, sannan ya ɗago kai.

"Ya fito," ya ce.

Ya zagaya bayan ginshiƙi muna biye. Ya ciro makulli, ya nemi ramin kwaɗon ya rasa, ya sake nema. Makullin ya suɓuce ya faɗi a kan siminti, ya yi tsalle ya tsaya daidai gaban ƙafata.

Yayana ne, tsoho, mara lafiya, wanda ya goya ni ina ƙarama. Bayana ya riga ya fara sunkuyawa kafin in sani. Sai na ga Gaggawa ya goya hannuwansa a baya, hawaye yana bin gemunsa. Manaja ya goya nasa. Na duba zauren, duk ƙartin nan da iyayensu suka yi musu tarbiyya, kowa hannu a baya, suna kallon tsoho. Na miƙe, na goya nawa.

Yaya ya dafa ginshiƙi, ya sauka a hankali har gwiwarsa ta taɓa ƙasa, ya lalubo makullin, ya tashi da ƙyar. Ya ɗauki lokaci kafin ya shiga ramin. Kwaɗon ya buɗe. Ya zare shi, ya juyo ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, hannuwanmu duk a baya, ban san ko ya gane fuskokin ba. Ya miƙo mini kwaɗon da makullin a jikinsa.

"Auta, a kai sito," ya ce. "Sun riƙe."